Kowane Nauyi da Mazauninsa

A Amurka akwai wata 'yar ƙaramar tirela da mutane kan ƙera da hannunsu a gida, su maƙala ta a bayan mota idan za su fita hutu, su kwana a daji ko a bakin tafki. Cikinta katifa ce ta mutum biyu da 'yan kantocin ajiye tufafi, kuma rufinta bai kai mutum ya miƙe tsaye ba, sai dai ya zauna ko ya kwanta. Gabanta a kumbure yake, bayanta ya gangaro ya tsuke, shi ya sa masu ita ke kiranta ɗigon hawaye. A can ƙarshen baya akwai murfin da ake ɗagawa sama, ƙarƙashinsa kuma madafa ce: risho, tukwane, jarkar ruwa da akwatin ƙanƙara. Mai girki a waje yake tsayawa, murfin ya yi masa inuwa.

Ta fara yaɗuwa ne a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, mutane suka koma neman hanyar tafiya mai araha. Mujallun masu aikin hannu suka riƙa buga zanen yadda ake haɗa ta: Popular Homecraft ta buga wani a 1939, Mechanix Illustrated ta buga nata a 1947. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, ragowar kayan soja suka cika kasuwa, sai aka riƙa sa mata ƙafafun jif, ana lulluɓe jikinta da alminiyam. Asalin girmanta ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, domin girman fallen katakon filawud ke nan. Ta ja baya a shekarun 1960 da mutane suka koma son manyan tireloli, sannan ta dawo a ƙarshen shekarun 1990 da intanet ta sa zanen ƙirarta ya shiga hannun kowa.

Sabon shiga a wannan ƙira, hankalinsa kan tafi ga abin da ido ke gani: launin fenti, siffar taga, irin katakon da zai yi kanta da shi. Tsofaffin hannu kuwa, in suka zo duba aiki, durƙusawa suke yi su leƙa ƙarƙashi, domin abin da suke son sani shi ne inda aka ɗaure aksul, wato sandar ƙarfen nan da ke gitte a ƙarƙashin shasi tana riƙe da tayoyin biyu. Fenti in bai yi ba, a sake shi gobe. Aksul kuwa in aka yi masa walda a inda bai dace ba, an yanke wa tirelar halin da za ta zauna da shi a kan hanya muddin ana jan ta. Dalilin hakan ya cancanci a tsaya a lura da shi, ko da mutum bai taɓa jan tirela ba.

Tirela mai aksul ɗaya a wuri uku take tsaye: tayar dama, tayar hagu, da wuyanta, wato ƙarfen da ya miƙo gaba ya hau kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota. Nauyinta duka tsakanin waɗannan ukun yake rabuwa. Ƙa'idar da masu harkar a Amurka suka daɗe a kanta ita ce, wuyan ya ɗora wa motar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar bayan an gama yi mata lodi, sauran kashi 85 zuwa 90 kuma tayoyinta su ɗauka. Abin da ke yanke wannan rabo shi ne tazarar da ke tsakanin aksul da cibiyar nauyi, wato wurin da in ka tokare tirelar a nan za ta tsaya cak, ba ta rinjaya gaba ko baya ba. Dole cibiyar ta kasance gaban aksul kaɗan.

Lissafin tsoho ne. Arkimidis, masanin nan na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, ya tsara shi tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya yi rubutu na musamman a kan ma'aunin da ke aiki da shi. A taƙaice, ƙarfin da kaya ke da shi na rinjayar da abu, nauyinsa ne sau nisansa daga matokari. Kilo 10 a nisan mita 2 daidai yake da kilo 20 a nisan mita 1. A tirela, aksul shi ne matokarin. Duk abin da aka ajiye gabansa danna wuya yake yi ƙasa, duk abin da aka ajiye bayansa ɗaga wuya yake yi sama, abin da ya zauna daidai kansa kuwa tayoyi kaɗai ke jin sa.

Mu ɗauki tirela mai nauyin kilo 600 da kayanta, wadda daga mahaɗinta da mota zuwa aksul mita 3 ne. Ana son wuyanta ya danna da kilo 60 zuwa 90. In ka buga lissafin, cibiyar nauyi za ta zauna ne tsakanin santimita 30 da 45 gaban aksul. Duk filin da aka ba ka santimita 15 ne, bai cika taƙi ɗaya ba. A ce mai ita ya daidaita ta a kan kilo 72, kashi 12 ke nan, lafiya lau. Ranar tafiya sai ya tuna da ruwa, ya cika jarka biyu masu lita 25, kilo 50 ke nan, ya tura su cikin madafa, santimita 90 bayan aksul. Wuya ya ragu da kilo 15. Sai aka ce a tafi da kekuna, aka ɗaure keke biyu da maratayinsu a bayan tirela, kilo 40 a nisan mita ɗaya da rabi. Wuya ya sake raguwa da kilo 20. Yanzu tirelar ta kai kilo 690, amma kilo 37 kawai take ɗora wa mota, ɗan abin da ya haura kashi 5. Da jarkokin nan a kan aksul aka ajiye su, ko kaɗan ba za su rage wa wuyan ba. Kilo 50 ɗin dai su ne, mazauninsu ne ya bambanta.

Abin da ya sa wannan kuskure ke da wuyar ganewa shi ne, a tsakar gida kama yake yi da gwaninta. Tirelar da wuyanta ya yi sakayau, da hannu ɗaya za ka ɗaga shi, ka juya ta yadda kake so, ka tura ta lungu ba tare da ka yi gumi ba. In ka maƙala ta, bayan motar ko motsi ba ya yi. Mai ita sai ya ji daɗi, ya ce ai ga aiki. A cikin unguwa ma, ana tafiyar kilomita 30 ko 40 a awa, bin motar take yi sumul. Aibinta ba ya fitowa sai an hau babban titi an taka totur.

A nan ne wata babbar mota za ta wuce da gudu iskarta ta bugi gefen tirelar, ko taya ta faɗa ɗan rami, ko direba ya kauce wa wani abu. Bayan tirelar ya karkata hagu. In nauyinta na gaban aksul, tayoyin kan turje, jan motar ya dawo da ita kan layi, ta ɗan yi lilo sau ɗaya ko biyu ta natsu. In kuwa nauyin ya taru a baya, dawowar da za ta yi sai ta zarce dama, ta fizgi bayan motar ta tafi da shi, kuma tun da ba ta danna tayoyin motar na baya yadda ya kamata, ba su da isasshen riƙon kwalta da za su ƙi. Direba ya hango ta a madubin hagu, kafin ya ƙifta ido ta ɓullo a na dama. Ya murza sitiyari don ya gyara, amma gyaran kan zo a makare, ya ƙara mata ƙarfi. Kowane lilo ya fi wanda ya gabace shi faɗi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi mota da tirela sun gitta a titi, ko sun kife. Kowace mota da tirelarta suna da wani ƙa'idajjen gudu wanda ƙasa da shi lilo kan mutu da kansa, sama da shi kuma ya riƙa girma. Raguwar nauyin wuya janyo wannan iyaka take yi ƙasa har ta iso gudun da ake yi kullum. A gangara abin ya fi muni, saboda a nan tirelar ce ke tura motar.

Masu bincike a Jami'ar Bath ta Ingila sun gwada wannan a zahiri da tirelar da ake iya sauya wa mazaunin kaya da na aksul, suka buga sakamakon a 2009. Abubuwa uku suka samu sun fi tasiri: nauyin wuya, mazaunin aksul, da yadda kaya suka watsu zuwa ƙarshen gaba da ƙarshen baya. Na ukun nan a riƙe shi da kyau. Mutum zai iya cika bayan tirela da kaya masu nauyi, ya ga wuya ya yi sama, sai ya jibga wasu a can gaba don su rama. Sikeli zai nuna masa lamba mai kyau, amma tirelar da nauyinta ya rabu zuwa bakin gaba da bakin baya, in ta fara juyi tsayar da ita aiki ne. Kaya masu nauyi kusa da aksul ake tara su, a ƙasa-ƙasa, a ɗaure su kada su zame.

A Birtaniya shawarar da aka saba bayarwa kashi 5 zuwa 7 ce kawai, saboda motocinsu ƙanana ne, ba sa ɗaukar nauyi mai yawa a baya. Amma sun haɗa wannan da rage gudu. Mai jan tirela a can ba ya wuce mil 60 a awa a babban titi, kusan kilomita 96, ko mil 50 a hanya mai falle ɗaya. A Jamus kilomita 80 ne, sai wanda ya cika wasu sharuɗɗa a ba shi izinin 100. A jihohin Amurka da dama kuwa ana jan tirela da gudun da ya haura kilomita 110, shi ya sa suke neman wuya mai nauyi. Wuya sakayau da gudu mai yawa ba sa shan inuwa ɗaya.

Kada kuma wani ya ce to bari ya tura aksul can ƙarshe ya huta. Wuyan da ya yi nauyi fiye da kima danne bayan mota yake yi, kuma in baya ya yi ƙasa, gaba sama yake yi. Tayoyin gaba su ne masu sitiyari, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. In nauyin da ke kansu ya ragu, sai direba ya ji sitiyari ya yi sako-sako, ya murza a kwana motar ta ƙi bi, ya taka birki ta ƙara masa tazara. Da dare fitilunsa su haska sama su kashe wa masu tahowa ido. Kowace mota ma tana da iyakar nauyin da kamfaninta ya yarda a ɗora wa mahaɗinta.

Duk wanda ya taɓa lura da amalanken jaki mai taya biyu a hanyar kasuwar ƙauye, a ƙasar Katsina ne ko ta Maraɗi, ya ga wannan doka da idonsa. In aka jibga buhuna a baya, sandunan amalanken su yi sama, igiyar ciki ta tallafo jakin har ƙafafunsa su kusa barin ƙasa, ya rasa abin da zai dogara da shi ya ja. In aka tara su a gaba, nauyin ya sauka a gadon bayansa, ya yi masa gyambo, ya durƙusar da shi. Mai amalanken da ya san aikinsa a kan taya yake jera buhu, ya ɗan rinjayar gaba.

Ita 'yar tirelar hutun tana da matsala tata ta daban. Ga tirelar ɗaukar kaya, sananniyar ƙa'ida ita ce a sa aksul a inda kashi 60 na tsawon akwatin zai kasance gaba, kashi 40 baya. Amma wannan lissafi na akwatin da nauyinsa ya bazu daidai ne. Ita kuwa wannan gabanta katifa ce da iska, bayanta murfi mai nauyi, kantoci, tukwane, ruwa da ƙanƙara. Don haka masu ƙera ta kan ƙara jan aksul baya, wajen kashi biyu cikin uku na tsawon jikin. Lambar wani ba ta yi wa wani aiki, sai kowa ya duba kayan da shi zai ɗauka.

Wasu kan zauna da takarda tun kafin a yanka ƙarfe, su jera kowane abu da nauyinsa da nisansa daga mahaɗi: shasi, bango, murfi, katifa, batir, tukunyar gas, tayar ko-ta-kwana. Wasu kuma sukan bar waldar maratayan sifirin da ke riƙe aksul sai ƙarshe. Su matse aksul a jikin shasi na wucin gadi, su gama ginin, su zuba duk abin da za a yi tafiya da shi, har ruwa da gas da abinci. Sannan su ajiye sikelin awon mutum a ƙasa, su tsayar da guntun katako a kansa, su sauke wuyan tirelar a kan katakon daidai tsayin da zai zauna a bayan mota. Allura ta nuna lamba. In ta yi ƙasa, a ɗaga tirelar da jak, a matsar da aksul baya kaɗan, a sake aunawa. A misalinmu na ɗazu, matsar da shi santimita 10 kacal ya isa ya ɗaga nauyin wuya daga kilo 72 ya haura 85. Sai an gamsu, an kuma auna daga mahaɗi zuwa bakin aksul na dama da na hagu an ga tsawonsu ɗaya, sannan a kira mai walda. Tun ran gini tun ran zane. Tankin ruwa kuwa kusa da aksul suke sa shi, saboda da safe cike yake, da yamma ya yi rabi, kuma abin da nauyinsa ke sauyawa ba a ajiye shi inda sauyinsa zai girgiza saura.

To, ga abin lurar. Babu ɗayanmu da ke tafiya shi kaɗai. Kowa ko dai yana jan wani ko ana jan sa, galibi ma duka biyun lokaci guda: ɗa da mahaifinsa, ƙane da wansa, yaron shago da ubangidansa, mata da miji, abokan da suka haɗa jari. Mun saba auna irin wannan zama da tambaya ɗaya, wato nawa ne nauyin, har muna ganin wanda bai ɗora wa kowa komai ba shi ne gwani. Tirelar nan tana nuna akwai tambaya ta biyu da ta fi ta farko: a ina aka ajiye nauyin, kuma nawa daga cikinsa mai ja yake ji?

Akwai mutumin da ya tura duk kayansa baya. Wansa ne ya ba shi jari, da sunan wansa 'yan kasuwa ke ba shi kaya bashi. In wan ya bugo waya ya ce, “Ya kasuwa?” sai ya ce, “Sai godiya, Yaya, komai na tafiya daidai.” Alhali ya ci rabin uwar kuɗi, ya shiga adashi biyu da ba ya iya zubi, ga kuɗin haya ya taho. Bai yi haka da mugunta ba. Kunya ce da gudun kada a ce ya cika damun mutane, kuma kowa yabonsa yake yi, ana cewa wane ba ya ɗora wa kowa nauyi. Muddin al'amura na tafiya a hankali, ba abin da zai fito. Ranar da farashi ya faɗi, ko ciwo ya kwantar da shi, ko mai bin bashi ɗaya ya ƙi haƙuri, sai lilo ya fara. Ya ciyo bashi nan ya toshe can, kowane sabo ya fi tsoho girma. Da yake kuma a haɗe suke, ba shi kaɗai zai tafi ba. Masu bashi a ƙofar wan za su yi sallama, a lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Da tun watan farko ya ce, “Yaya, akwai giɓin da nake son ka sani,” da wan ya ji ɗan nauyin nan, ya ba da shawara, wataƙila ya hana a ƙaro kaya.

Rufin asiri abu ne mai daraja, kuma ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Amma wanda rayuwarsa ke ɗaure da taka, wanda in ka faɗi zai faɗi, yana da haƙƙin ya san gaskiyar abin da yake ja. Mai ɓoye masa gani yake yi sauƙaƙa masa yake yi, alhali tara masa wahalar yake yi har ranar da za ta zo masa gaba ɗaya ba shiri. Haka magidancin da aikinsa ya tsaya bai gaya wa matarsa ba, tana ta cefane da biki yadda ta saba. Haka ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya bar iyayensa suna shirin walima. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Akwai kuma ɗaya gefen, shi ma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Mutum ɗaya Allah Ya buɗa wa a dangi, ya samu aikin albashi ko shagonsa ya kafu. Sai kowa ya tattaro kayansa ya kawo gaba: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, taki, ragon suna, kayan ɗaki, har katin waya. Taimakon dangi wajibi ne, kuma shi ne ya riƙe al'ummarmu a inda hukuma ba ta kai ba. Marar lafiya da tsoho da maraya, a ɗauke su ɗungurungum, haƙƙinsu ne. Amma akwai masu ƙafafu lafiyayyu da suka daina taka ƙasa. In nauyin ya wuce kima, abin da ke fara lalacewa a wurin mai ja shi ne ikon sarrafa kansa. Ba ya iya tsara wata mai zuwa, ba ya iya ajiye komai, ba ya iya tsayawa a inda ya kamata ya tsaya. Albashi ya ƙare tun wata bai raba ba, ya shiga cin bashi, wani ma har hannunsa ya kai ga amanar da aka ba shi a wurin aiki. In ya saki hanya, duk waɗanda ke bayansa tare za su tafi.

Rabon da masu tirela suka tsaya a kansa yana da hikima: mafi yawan nauyi a kan ƙafafunka, ɗan kaso a kan wanda ke gabanka. Kason nan ya haɗa da labarin gaskiya, da neman shawara kafin a yanke, da roƙo a kan abin da da gaske ya fi ƙarfinka. Shi ke sa mai ja ya san halin da kake ciki, ya auna tafiyarsa da kai. Uba yakan so ɗansa ya zo masa da matsala tun tana ƙarama. Ubangida ya fi natsuwa da yaron da ke cewa, “Alhaji, yau an samu asarar kaza,” a kan wanda bai taɓa kawo rahoton asara ba sai ranar da aka zo ƙidayar kaya.

Sai batun awo. Masu ƙira kan auna tirela ne da kayanta, ba sa auna ta wayam. Mu kuwa mukan yanke manyan shawarwari bisa lissafin ranar da komai ke daidai: a kama hayar gida, a ƙara aure, a ɗauki babur bashi, duk a kan kuɗin watan da ciniki ya fi kyau, ba a ɗora azumi da salla da zazzaɓin damina da kuɗin makaranta a kan sikeli ba. Irin waɗannan shawarwari in an ƙulla su, kwancewa sai da yanka. Kafin a ƙulla, a zauna da biro da takarda, a jera duk abin da za a ɗauka har wanda ba a son tunawa, a tambayi wanda za a jingina da shi nawa zai iya. Abin da kuma aka san nauyinsa na hawa da sauka, irin su hidimar biki da sayayyar salla, mutum ya ajiye shi a kan abin da ya tara da kansa, kada ya rataya shi a wuyan wani.

In kuma lilo ya riga ya fara, shawarar da ake ba direba ita ce ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya danna birki da ƙarfi, kada kuma ya ƙara wuta da tunanin zai miƙar da ita. In gudu ya ragu ta natsu, ya sauka gefen hanya ya sake jera kaya, domin in ya ci gaba a haka abin dawowa zai yi. Gidan da rikicin kuɗi ya fara kaɗawa ma abin da yake buƙata ke nan. A kauce wa fushi da yanke zumunci, a kauce wa cin sabon bashi don rufe tsoho. A rage kashewa, a tsaya, a fito da komai fili, a sake rabo: wane ya ɗauki wannan, wane ya koma sana'a, waccan hidimar a ɗage ta sai baɗi.

Saboda haka kowa ya duba ɓangaren da yake. In kai ake ja, ka tambayi kanka abin da ka ɓoye wa mai jan ka wanda ya kamata ya sani, da abin da ka ɗora masa wanda ƙafafunka za su iya. In kai ke ja, ka faɗi iyakar abin da za ka iya tun kafin a hau hanya, ka kuma saki fuska yadda na bayanka ba zai ji tsoron gaya maka gaskiya ba, domin sau da yawa faɗan babba ne ke koya wa ƙarami ɓoye-ɓoye. Zaman da za a yi wannan magana ba mai tsawo ba ne, kuma gara a yi shi a zaure tsakanin 'yan uwa tun ana dariya, da a yi shi a gaban masu bin bashi ko a gaban alƙali. Allah Ya ba mu ikon ɗaukar abin da yake namu, Ya hore mana masu tallafa mana a kan abin da ya fi ƙarfinmu.